Ranar da na riƙe sandar faɗa kamar taɓarya

Shekarun baya, lokacin 'yata tana goye, ba abin da nake jin tsoro kamar wani abu ya sami hannun maigidana. Tasi yake ja a nan unguwar Bronx ta New York, da yatsun nan muke ci muke sha. Sai ga shi ya shiga wata ƙungiya da ke haɗuwa a park, wato filin shaƙatawa, ran Lahadi, wai suna koyon faɗa da sanda daga littattafan Turawan da. In ya dawo, kafin in ba shi ruwa sai na leƙa yatsunsa.

Wata rana ya nuna min zane a waya: mutum biyu masu wando kamar kabewa, kowa da doguwar sanda. Ya ce 'yan ƙungiyarsu sun rabu biyu a kan riƙon ɗayan, ko babban yatsansa gaba yake kallo ko baya, don mai zanen bai fito da shi sosai ba.

"Madam, zo ki zama na biyun. Sai an gwada ake ganewa."

"Malam, da goyo a bayana?"

"Tsayuwa ce kawai."

Ya ɗauki sandarsa, ya miƙo min ta mofar goge ƙasa. Ya gyara min ƙafa, ya duba waya, ya sake gyarawa, sannan ya ce in sauko da sandar a hankali.

To ni tun ina yarinya, duk abu mai tsawo da aka sa min a hannu daka nake yi da shi. Hannuwana suka haɗu a tsakiya, na ɗaga, na sauke. Ƙwas, a kan babban yatsansa!

Ya zauna a ƙasa yana hura yatsa, ni ina kuka, 'yar tana ƙyalƙyala dariya a baya.

"Wallahi a park ba wanda ya taɓa ji min ciwo," in ji shi, "sai a falona."

Yatsan ya kumbura, ya yi 'yan kwanaki bai fita aiki ba, amma Allah ya kiyaye bai karye ba. Da ya warke na bi shi park. Ashe kowa da safar hannu mai kauri kamar ta masu walda. Wata dattijuwar Baturiya da ta ji labarin ta sa min sanda a hannu da kanta, ta koya min raba hannuwana.

Tsoro dai bai bar ni ba, haka Allah ya yi ni. Amma yanzu in abu ya tsorata ni nakan je in gan shi da idona.

Yanzu tare muke zuwa. Safarsa ta yi min yawa, kuma ya rantse ba zai ƙara tsayawa gabana hannu tsirara ba. Don Allah, wadda ta san inda ake sayar da irin wannan safar daidai hannun mace a New York ta faɗa min.