Gawar da Ba Ta Koma Gida Ba

Na daɗe ina sayen motocin da suka yi hatsari, in gyara, in tura Kwatano. Garejina yana garin Hyattsville, a jihar Maryland. Mai buga mini jikin mota wani gajeren mutum ne daga tsaunukan Guatemala, ɗan ƙabilar Maya. Ya taɓa nuna mini hoton wasu gine-ginen dutse masu matakala a tsakiyar kurmi, ya ce kakanninsa suka gina.

Na ce, "Ku da kuka gina wannan, me ya kawo ka bugun ƙarfe?"

Ya ce, "Abin da ya kawo ka, maigida."

Wata Talata ya yanke jiki ya faɗi da guduma a hannu. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ni abin da na tashi na gani, gatan mamaci a gaggauta suturta shi. Barin gawa kwana da kwanaki a firji wulaƙanci ne a wurinmu. Asibiti na sakinsa na nemi maƙabartar Kirista, na shirya komai, na kai wa matarsa takarda. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta sa hannu. Na ɗauka godiya ce ta hana ta magana.

Bayan kwana biyu da rufe shi yayansa ya iso daga wata jiha mai nisa, ya same ni a gareji.

"Ina ƙanena?"

"Mun rufe shi. Wuri mai kyau, a share."

"Wa ke kwance kusa da shi?"

Ban sani ba.

Ya zauna a kan taya. Ya ce a garinsu mamaci kusa da iyayensa yake kwanciya, a ƙasar da suke noman masara tun kaka da kakanni, duk shekara kuma dangi su kai masa abinci da furanni. Wanda aka binne cikin baƙi, an yar da shi ke nan.

Na ce, "To me ya hana matarsa faɗa mini?"

"Kai ne maigidan mijinta. Ta yaya za ta ce maka a'a?"

Na je neman izinin tono shi. Aka ce sai matar ta zo da kanta. Ba ta da takardar zama a ƙasar, tana tsoron hukuma ta kama ta. Ta ce za ta yi shawara, kafin sati biyu ta bar gidan, ba wanda ya san inda ta nufa.

Yana nan kwance a Maryland. Yayan ya kira ni sau ɗaya, ya ce tsohuwarsu ta sa an haƙa kabari a garinsu tun ranar da ta ji rasuwar, har yau ta hana a cike ramin.