Wakilin Malam Ado a Ɗakin Gwaji

Cikin shekarun da na yi ina aikin ungozoma a ƙaramin asibitinmu na ƙasar Rano, akwai ranar da har gobe ban manta da ita ba: ranar da wani magidanci ya aiko wansa a ɗebi jini a madadinsa. Ku sababbin ma'aikata ku saurara, don ku ma sai kun gamu da irinsa.

Abin ya faro ne wata Talata cikin damina, ranar awo. Ga wanda bai san tsarinmu ba, duk mai cikin da ta zo awon farko mukan duba nauyinta da hawan jini, sannan mu tura ta ɗakin gwaji a soki yatsarta. Cikin abubuwan da ake dubawa akwai tunjere, ciwon da ake ɗauka ta wajen kwanciya. Muguntarsa ita ce yakan zauna a jikin mutum shekara da shekaru ba zazzaɓi, ba ƙaiƙayi, ba komai, alhali yana iya kashe ɗa a ciki.

Ran nan Rabi daga Lausu ta zo da cikin wata huɗu. Na uku ke nan. Biyun farko a gida ta haife su, ba rai, kuma ba ta taɓa zuwa awo ba sai wannan karon. Gwaji ya nuna tana da shi. Na zaunar da ita na yi mata bayani, na yi mata allurar farko cikin uku da za ta karɓa mako-mako. Sannan na ce dole mijinta, Malam Ado, ya zo a gwada shi, in ba haka ba mu yi ta magani yana sake sa mata.

Ta ce, "Hajiya, zai ce ni na kwaso."

Na ce, "Gwaji ba ya nuna wanda ya fara, kuma ba shari'a muke yi ba. Ɗan da ke cikinki muke so ya fito da rai."

Da yardarta na rubuta masa takardar gayyata, ba sunan ciwo a ciki, na sa masa Talata mai zuwa.

Talata ta zo, Rabi ta zo allura ta biyu, ba miji. Sai saƙo: wai yana gaishe ni, wai lafiyarsa ƙalau, jiya ma shi kaɗai ya nome gonar dawarsa. Na ce ikon Allah, yaushe fartanya ta zama na'urar gwaji? Na haɗiye fushina na sake rubuta wata takardar, na sake sa Talata.

Ranar allura ta uku ina tsakiyar awo aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga wani dattijo ya jingine babur a gindin darbejiya, da takardata a hannu. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, sannan ya ce shi ne Malam Sule, wan Ado. Ya nannaɗe hannun riga ya miƙo mini.

"Hajiya, ga ni. A ɗiba."

Na ce, "A ɗibi me, Malam?"

"Jinin da kike nema mana. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, nono ɗaya muka sha. Ni na karɓa masa aure, ni nake zuwa masa wajen mai gari. Abin da ke jikina shi ke jikinsa."

Mako biyu ina bin mutum, matarsa ta sha allura mai zafi har uku, shi kuwa ya aiko mini wakili kamar ɗaurin aure. Ga shi aikinmu ya hana ni faɗa wa Malam Sule sunan ciwon, don sirrin Rabi ne. Na ce masa jini ba a wakilci. Ya ce ai a ɗaurin aure ma an yarda, balle ɗan ɗigon jini. Na ce in Ado ya ji yunwa, shi yake ci masa tuwo? Ya yi dariya, amma hannun nan yana miƙe bai sauke ba.

Nan raina ya gama ɓaci. Na ce, "Malam Sule, 'ya'ya biyu aka binne a gidan nan. Na ukun ne a hannuna. Ba zan iya gaya maka komai ba sai wannan: in ƙanenka bai zo da ƙafarsa ba, ban san me zan ce wa Rabi ba in aka sake binne wani."

Ya sauke hannun. Sannan ya ce, "Na biyun ni na ɗauke shi zuwa maƙabarta. Ado ya kasa."

Daga nan ya nuna mini bencinmu da haɓa. Mata masu ciki sun cika shi maƙil, da yawansu 'yan garinsu ne. Ya ce, "Hajiya, ke ma ki duba. Ya zauna a nan tsakiyar matan maƙwabta? Kafin ya koma gida labari ya riga shi."

Sau biyu ina rubuta wa namiji ranar awo, ina ta zagin taurin kansa a zuci, ban taɓa tambayar kaina a ina zai zauna ba. Na ce wa Malam Sule ya kawo shi gobe, tunda ba ranar awo ba ce.

Washegari Laraba da hantsi, ba kowa a benci, Malam Sule ya goyo Ado a babur suka shiga ɗakin gwaji ta ƙofar baya. Sakamako ya fito, yana da shi. Ado ya dube ni, ƙato mai ƙirar ƙarfi, ya ce, "Amma Hajiya ni ko ciwon kai ba na yi."

Na ce, "Shi ya sa muke ta nemanka. Da yana ciwo ai da kanka za ka zo."

Ya karɓi allurarsa uku ba fashi. Bai tambayi wa ya kwaso ba, ni ma ban tayar da zancen ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu da zafin jiki suke auna ciwo, duk abin da bai kwantar da su ba a wurinsu babu shi. Ba za ku daina jin "lafiyata ƙalau" ba har ku yi ritaya, kuma amsarku ɗaya ce: a gwada. Amma kafin ku yi fushi da wanda ya ƙi zuwa, ku duba ranar da kuka sa masa da bencin da kuka tanadar masa. Tun daga lokacin, Laraba nake rubuta wa maza.

Rabi ta haihu bayan an gama girbi, mace, kukanta har bakin titi. Ranar suna sai ga babur a gindin darbejiya, Malam Sule ne da ƙullin nama da goro. Ya ce Ado ne ya aiko shi, baƙi sun riƙe shi a gida.

Na miƙa hannu biyu na karɓa. Na ce, "Wannan kam, Malam Sule, ana wakilci."