Dakta Garba da alkawarin Balkissa

Dakta Gernot Wiedenau, ministan lafiya a ɗaya daga cikin jihohin Jamus, ya rasu ranar Talata 14 ga Oktoba, 2008, bayan gajeriyar jinya. Shekarunsa sittin da ɗaya. Jaridun ƙasarsa sun yabe shi a kan tsimi da dukiyar gwamnati. Mu 'yan kasuwar Hausa na Guangzhou da wani suna muka san shi, Dakta Garba, domin harshenmu ya kasa ɗaukar nasa.

Likita, a wani asibitin mishan kusa da Maraɗi ka koyi Hausa tun kana saurayi. Da wani kamfanin ƙasarku ya kawo ka unguwar Tianhe a nan Guangzhou don duba ma'aikatansa, sai ka ware mana yammacin kowace Juma'a. A 2003, lokacin annobar SARS, duk wanda ya yi tari mutane na gudunsa. Kai kuwa ka riƙa hawa benayenmu da jakarka. Alhaji Kallamu, mai sarin yadi, ya taɓa ɓoye maka fasfonsa saboda bizarsa ta ƙare. Ka yi dariya ka ce, "Alhaji, ni ba ɗan sanda ba ne. Buɗe baki ka ce aa."

A irin wannan zaman ne Hajiya Ramatou, 'yar Maraɗi mai sarin kaya a kasuwar Baima, ta kawo maka 'yarta Balkissa, wadda ke haki ko da tsakar ɗaki ta ratsa. Kai ka gano huda ce a zuciyarta. Kai ka faɗa wa uwar cewa jiharku tana da shirin yi wa yaran ƙasashen waje aiki kyauta, kuma da ka koma gida za ka tsaya mata. Ba ta roƙe ka ba.

Ka koma a 2004, ka shiga jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ka ci zaɓe. Da aka naɗa ka minista bara, Ramatou ta dafa shinkafa ta raba wa maƙwabtanta a unguwar Panyu.

A watan Afrilun bana ka rufe shirin. Na karanta jawabinka na majalisa da kyau, domin ban so in zalunce ka. Rufe shiri aikin gwamnati ne, kuma kowa na iya sauya ra'ayi. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne hujjarka. Ka ce ka zauna da mu, kana jin harshenmu, ka san yadda ciwon yaro ke zama ƙofar shiga Turai ga dangi duka. Ka ba da misalin wata 'yar kasuwa daga Nijar da ke China. Ba ka ambaci suna ba, amma babu wanda bai gane ta ba. Abin da aka faɗa maka a ɗakin duba marar lafiya, shi ka ɗauka ka kai majalisa.

A watan Agusta ka zo kallon wasannin Olamfik, tawagarku ta yada zango a Guangzhou. A lokacin an tsananta sabunta biza, da yawa daga cikinmu sun tafi. Ramatou ta ƙi tafiya. Ta tare ka a ƙofar masauki ta ce, "Dakta Garba, ina gajiya? Ga 'yarka ta girma." Ka dubi yarinyar, sannan ka juya ga tafinta ka yi magana da Turanci. Ya ce mata minista yana sauri.

Da labarin rasuwarka ya iso, bayan sallar Juma'a an yi gardama a kan abin da ya dace a ce game da kai. Kallamu ya ce, "Ni dai ya cece ni, ba zan zage shi ba. Amma kada wanda ya sa ni yabonsa." A nan na tsaya ni ma. Alherinka gaskiya ne, abin da ya biyo baya ma gaskiya ne, hukunci kuma yana hannun Mai rahama, wanda ya fi mu sanin abin da ke zuciyarka a ƙofar masaukin nan. Allah ya ba matarka da 'ya'yanka haƙurin rashi, ya kuma ba Balkissa lafiya.

Wani tsohon abokin aikinka na nan Guangzhou ya shaida wa Ramatou ta waya cewa zai duba yarinyar a Disamba. Bizar Ramatou ta China za ta ƙare a ƙarshen wannan wata. Har zuwa yau asibitin da yake aiki bai tabbatar da ranar ba.