Kalangun Baba Sale ya daina magana

Jama'a, yau da kuka na tuƙo babur!

Baba Sale, wanda ya koya mini kiɗa da gyaran kalangu, ya aiko in je Bagwai. Wai kalangunsa ya daina magana. Na sa sabuwar fata, na ja tsarkiya, na buga. Wallahi har maƙwabta suka leƙo!

Ya karɓa, ya buga, ya girgiza kai. "Har yanzu shiru, Habu."

Sai matarsa ta ja ni gefe. "Kunnen ne ya tafi tun zazzaɓin damina. Ya ƙi yarda."

Na koma, na ɗaga murya a kunnensa: "Baba, fatar ce ba kyau!"

Ya washe baki. "Ai na faɗa wa mutanen gidan nan! Kawo wata fatar ran kasuwa."

Na ce to.