Ranar da Kalangu Ya Fita Kasuwar Deptford

Yanzu jikokina da ɗan yatsa suke ture waƙa tun mawaƙin bai buɗe baki ba. A Landan ɗin da na sani wajen ƙarshen shekarun tamanin, faifai sai an zare shi daga riga, an hure masa ƙura, an zauna an ji shi har ƙarshe, sannan a yi gardama a kansa.

Wurin gardamarmu bayan wani shagon tsofaffin fayafayai ne a Deptford, ranar Asabar bayan azahar. Mai shagon Bature ne mai gashi har kafaɗa, makaɗin jita, wanda ya yi imani cewa an gama kiɗan duniya da fayafayan kiɗan rok na shekarun saba'in. Na biyu wani mutumin zangon Kumasi ne, unguwar Hausawa a can Gana, yana tura gadon marasa lafiya a wani asibiti, amma ɗan gidan kiɗa ne, mahaifinsa shi ne sarkin makaɗan unguwarsu. Na uku ni, da ban iya kaɗa ko gwangwani ba. Aikina tafinta. Ba don mutumin Kumasi ba ya jin Turanci ba, sai don hukuncinsa da Hausa yake yanke shi, ni kuma in cire masa ƙaya kafin ya isa kunnen Bature.

An sa mana wani faifai da mai jita ya yi minti tara shi kaɗai. Bature ya lumshe ido, ya ce nan ne ɗan Adam ya kai maƙura. Mutumin Kumasi ya ce yaron yana da hannu, amma ba shi da babba a gida da zai ce masa ya isa. Mai ganguna kuma, in ji shi, an tara masa bakwai a gaba amma bai faɗi abin da kalangu ɗaya ke faɗi ba. Da aka kai ga waƙar da aka cika da gogen Turawa sai ya tuna da miyar wata gwaggonsa, wadda duk abin da ta tarar a madafa sai ta zuba. Ni na zauna Alƙahira, inda mawaƙiya kan maimaita baiti guda har a yi ta kuka, don haka minti tara bai dame ni ba. Na gaya wa Bature abokinmu ya yaba da ƙoƙari.

Abu ɗaya ya burge mutumin Kumasi da gaske: yadda waƙoƙin ke raguwa a hankali har su ɓace. Ya ce waɗannan mutane suna da tarbiyya. A zango ma makaɗi ba ya yanke kiɗa a ƙofar mai biki, tafiya yake yana kaɗawa har ya sha kwana. A ganinsa haka su ma suke ficewa daga ɗakin. Na san maɓalli ne ake ja ƙasa, na gani da idona a gidan rediyo. Amma bayaninsa ya fi nawa daɗi, sai na ja bakina.

Damuwarsa guda ce. A gida ana cewa ɗan sarkin makaɗa ya ajiye kalangu ya koma tura gado. Yana son faifai ko ɗaya da kiɗansa a ciki, ya aika a ji. Da Bature ya tara tsofaffin abokansa za su ɗauki waƙa, ya gayyace shi. Situdiyon ɗaki ne a saman shagon mai kifi, yini guda aka ba su, kuma gardamar inda mai jitar bes, mai kaurin muryar nan, zai shigo ta cinye musu yinin. Saura ɗauka ɗaya, kaset ɗin ma na ƙarshe. Bature ya ce a ƙarshen waƙar za a bar kiɗan ya ɓace kamar na fayafayan nan. Mutumin Kumasi ya gyaɗa kai.

Ya kaɗa kamar ba gobe. Da aka zo ƙarshe sai ya sunkuyar da kai abin sauraron kunne ya zame, ya rusuna wa mai ganguna, ya ja da baya, ya tura ƙofa da gwiwar hannu, ya sauka matakala yana kaɗawa. Injiniyan da ke ɗaukar sautin ya dafe kai. Ta ƙofar da ya bari a buɗe, ƙarar bas da kiran mai kifi suka shigo makirfo. Na leƙa taga na hango shi tsakiyar kasuwa, wasu matan Gana masu sayen doya sun ajiye jaka suna takawa.

Ya dawo yana share zufa, ya dube mu duka muna zaune.

"Alhaji, su ba su fita ba? Ni kaɗai na san girman waƙan?"

"Sarkin kiɗa," na ce, "akwai maganar da ya kamata in gaya maka tun bara."

Na yi masa bayanin maɓallin. Ya ce ashe duk shekarun nan mutanen da yake girmamawa suna zaune ne a kujera. Ya ɗauka ya ɓata damarsa, har ya fara naɗe kalangu a zane.

Injiniya ya so a yanke wurin. Bature ya sa aka mayar da kaset ɗin baya, ya saurara sau uku, ya ce babu faifai ɗaya a shagonsa da ya ƙare haka, kuma duk wanda ya taɓa shi sai sun raba gari. Mai bes ya ce har yanzu dai shi an shigo da shi a makare.

Faifan bai yi kasuwa ba, kwali biyu sun daɗe a ƙarƙashin teburin shagon. Amma guda ya isa Kumasi, tsofaffi suka gane taken gidan su abokinmu yana sauka matakala. Bayan salla ƙaninsa ya aiko masa da kalangun mahaifinsu ta hannun wani matafiyi. Ya ci gaba da tura gado har ya yi ritaya, amma daga wannan shekarar a zango sarkin makaɗa ake ce masa, kuma duk bikin 'yan Gana a kudancin Landan shi ake kira.