Randar Sha'aban

Ina ɗaure wa wata mata goro bayan Azahar Jibril kwandasta ya tsaya a bakin rumfata, ya ce Sha'aban ya yanke jiki ya faɗi a tashar Kano, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na yi salati, na zauna. Allah Ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne yashin randarsa.

Shekara talatin muna tare. Direba ne, Daura zuwa Kano, mutum mai taurin kai da taushin zuciya. Bara da kaka wani fasinja mai fataucin dabbobi ya buɗe kwalinsa a tasha ya tarar zafi ya kashe masa tsaka biyu, irin na wani tsibiri mai nisa, masu jela kamar busasshen ganye. Ya yar da kwalin. Sha'aban ya leƙa, ya ga ƙwai huɗu, ya ɗauko.

Rabi matarsa ta rantse tsaka ba za ta kwana inda take girki ba. Bai yi musu ba, ya kai su bayan gida, gindin darbejiya. Malama Fadila mai koyar da kimiyya ta bincika masa, ta ce ba su jure zafi, kuma ba su shan ruwa a kwano, sai raɓar da ke kan ganye. Ta ce da wuya su kai damina a garin nan. Ranar ya sayo randa biyu, ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya sa ƙwan a cikin ƙaramar, yana jiƙa yashin safe da yamma don ciki ya yi sanyi.

Uku suka ƙyanƙyashe, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. Yakan fesa ruwa a kan ganyen mangwaro su lasa. Yakan tsuguna a suri yana tsince musu gara, abokai na wucewa suna kiransa uban tsaka. Da bazara ta yi tsanani ɗaya ta mutu, sai ya daina lodi na biyu don ya dawo kafin La'asar. Ya ce tunda shi ya ɗauko su, sai ya ga sun sha ruwan sama.

Da muka dawo daga maƙabarta washegari na zagaya gindin darbejiyar nan ta bayan gidansa. Yashin randar a jiƙe yake. Rabi ce, da butarta, tana tsaye daga nesa tana hawaye. Ta ce ita ba za ta iya buɗewa ba. Na buɗe. Biyun suna manne da reshe, suna numfashi.

Randar tana rumfata yanzu. Saura kamar mako biyar ruwa ya sauka, kuma ba zan bari yashin nan ya bushe ba.

Da safen ranar da ya rasu, da Sha'aban zai tafi ya biyo ya karɓi goro, na ce masa ya girma da kiwon abin da kowa ke bi da takalmi.

Ya yi dariya. "Isyaku, in na yi latti ka zuba musu ruwa. Buta biyu."

Na ce, "Ni? Ko kusa ba zan je ba."

Ya ce, "Za ka je, mutumina. Na san ka."