Kafin Uwarsa Ta Ji

Ina cikin shekarata ta biyu a Sabha na samu aikin lebura a wani gini mai hawa biyu a unguwar Gurda. Mu tara ne, duk mutanen Nijar, muna kwana a unguwar Tayuri, mu yi sammako zuwa aiki. Babban magininmu wani dattijo ne daga Damagaram, gajere, mai furfura a gemu, wanda ya daɗe yana ɗora bulo a ƙasar nan. Baba muke ce masa. Ba shi da yawan magana, wayarsa ma irin ta da ce mai maɓallai.

Wata Talata da hantsi, katakon da muke takawa a sama ya goce da ɗaya daga cikinmu, wani magidanci daga ƙauyukan Tasawa, mai 'ya'ya biyu a gida. Ya faɗo a kan tulin bulo. Kafin mu sauko rai ya yi halinsa.

Ba zan ɓoye ba, abin da hannuna ya fara yi shi ne zaro waya, kuma ba ni kaɗai ba. Mun saba, komai ya faru sai mu ɗauka mu tura wa mutanen gida a WhatsApp, cikin masu gani kuwa har da ƙannen mamacin.

Baba ya cire rawaninsa ya lulluɓe masa fuska. Sannan ya jawo kwanon da muke ɗibar siminti, ya kakkaɓe shi, ya ajiye a gabanmu.

"Kowa ya sa wayarsa a nan," in ji shi. "Mutumin nan yana da uwa. Ba a waya za ta ga ɗanta kwance a ƙasa ba."

Wani ya ce ai gara a sanar da wuri, mutane su yi addu'a.

"Addu'a ba ta tsufa," in ji Baba. "Ka yi taka yanzu."

Muka zuba wayoyin. Baba ya matsa gefe ya kira wani direba da ya san yankin Tasawa, direban ya samo masa lambar limamin ƙauyen. Na ji Baba yana roƙon liman ya tashi da ƙafarsa, ya tafi da dattijuwa ɗaya, su zauna da uwar da matar kafin su faɗa.

Kafin azahar 'yan sanda suka zo tare da mai gidan, wani Balarabe ɗan garin. Suka tambayi yadda abin ya faru. Na raɗa wa Baba cewa na riga na ɗauki bidiyo, har katakon da ya goce ya fito a ciki. Na zaci zai yi mini faɗa. Sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, su hukuma suna da haƙƙin gani. Nuna musu su kaɗai." Na ciro wayata na nuna. Babbansu ya kalla sau biyu, ya duba katakon, ya rubuta abin da zai rubuta. Da suka tafi da gawar, Baba ya tsaya kusa da ni har na goge bidiyon da hannuna.

Sai bayan la'asar liman ya kira ya ce sun faɗa, uwar ta yi salati, mata sun kewaye ta. A lokacin ne Baba ya tura mana kwanon da ƙafa ya ce kowa ya ɗauki tasa. Ya ce wanda zai sanar ya nemi hoton mutumin yana raye. Muka samu wani na ranar Sallah, yana sanye da farar jallabiya yana dariya, shi muka tura.

Bayan kwana biyu aka ba mu gawar, muka yi masa sutura a nan Sabha. Yayansa ya kira daga gida yana neman wanda ya aiko liman. Na miƙa wa Baba wayar. Ya saurara jim kaɗan, ya ce, "Ba komai, Allah Ya ba ku haƙuri," ya mayar mini.

Da muka koma aiki, bai bar kowa ya hau sama ba sai da ya bi katakan nan ɗaya bayan ɗaya, ya sake ɗaure su da kansa.